Almajirin Yesu a bakin mudu

Wani matashi mai sana'ar awo a kasuwar Saminaka ya aiko da tambaya kamar haka: "Baba, an yi mini baftisma tun ina sakandare. Ba na fashin sujada, ina cikin mawaƙa, zakka da baiko ba sa wuce ni, ina da mata da 'ya'ya biyu. Amma da zarar na fito kasuwa na kwance bakin buhu, ba na ganin abin da ya raba ni da kowa. Yadda ake awo haka nake yi, yadda ake rantsuwa haka nake rantsewa. Kullum ana ce mana mu zama almajiran Yesu. Shin sai na bar kasuwa na tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ne? In ba haka ba, mene ne almajirci ga mutum irina?"

Ɗana, kada ka bar kasuwa. Da wannan zan fara, domin na ga samari da dama da zuciyarsu ta motsa kamar taka, suka ɗauka magani shi ne su karya jari su nemi gurbin karatu a Kagoro ko Gindiri ko Bukuru. Wanda Ubangiji ya kira ga kiwon garke, ya tafi, Allah ya ba shi ƙarfi. Amma wanda ya guje wa kasuwa don ya kasa riƙe gaskiya a bakin mudu, zai tarar da wani mudun yana jiransa a ofishin ikkilisiya ranar da aka damƙa masa kuɗin gini. Bahaushe ya ce hali zanen dutse. Mu mun gaskata akwai mai iya kankare shi, sai dai sauya wurin zama ba ya kankarewa.

Buɗe Luka sura 3. Mutane sun fito daga ruwan Urdun suna tambayar Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, irin tambayarka ke nan. Masu karɓar haraji suka zo, bai ce su ajiye aiki ba, ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji suka zo, ya ce kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙage, su gamsu da albashinsu. Kowa an mayar da shi bakin aikinsa, an nuna masa daidai wurin da zunubin sana'arsa yake kwance. Shi kansa Ubangiji yana da wajen shekara 30 kafin ya fara wa'azi, kuma mutanen Nazarat da masassaƙi suka san shi. Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti tare da Akila da matarsa. Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada a Filibi. Tabita ta Yafa, wadda gwauraye suka yi ta kuka a kanta suna nuna rigunan da ta ɗinka musu, ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba.

To, wane ne almajiri? Mutum ne da ya miƙa wuya ga Yesu Almasihu a kan shi ne Ubangijinsa, yana zaune kusa da shi yana koyon halinsa, yana aikata abin da ya ce. Ka dubi yaron da aka kai gareji. Ba allo ake kafa masa ba. Yana miƙa sifana, yana wanke fulogi da fetur, yana kallon yadda maigida yake kasa kunne ga ƙarar inji, har wata rana shi ma ya ji ƙara ya ce ga inda ciwon yake. Luka 6:40 ta ce duk wanda ya ƙoshi da koyarwa zai zama kamar malaminsa. A ƙarshen Matiyu kuma umarnin kashi biyu ne: a yi wa mutane baftisma, a koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Kashin farko mun iya shi ƙwarai, muna da rajista da katin shaida. Na biyun ne ba ya shiga rajista.

Kafin na ci gaba, kada ka ji wannan ka ɗauka da gyaran mudu ake sayen ceto. Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan ƙofa: ta wurin alheri aka cece mu, ba don ayyukanmu ba. Amma mutane da yawa suna tsayawa a aya ta 9 su rufe littafi, alhali aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu ne domin kyawawan ayyuka. Ba ka gyara awo don Allah ya karɓe ka. Ka gyara ne don ya riga ya karɓe ka, kuma sunansa kake ɗauke da shi a layin 'yan masara.

Yanzu mu shiga rumfarka, don a nan maganar take da nauyi.

Ka san akwai mudun saye, akwai mudun sayarwa. Wanda ake tarar manomi da shi ranar kasuwa an buɗa masa baki, ana cika shi har da tozo, a tare da hannu a ƙara. Wanda ake auna wa matar da ta zo sayen na tuwon dare kuwa an buga gindinsa ya shige ciki, kuma hannu yana share saman tun bai cika ba. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 kamar a kasuwarku aka rubuta ta: kada ka ajiye ma'auni iri biyu, babba da ƙarami, a jakarka ko a gidanka. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Amma wurin da na fi so ka karanta shi ne Amos 8:4-6, domin mutanen da annabin yake tsawata wa ba masu fashin ibada ba ne. Suna kiyaye Asabar sarai. Suna zaune ne a wurin sujada zuciyarsu tana cewa yaushe ranar nan za ta wuce mu buɗe rumbu, mu rage mudu, mu ƙara kuɗi, mu haɗa da sharar hatsi mu sayar. Wato mutum yana iya zama cikin mawaƙa, muryarsa ta fi ta kowa, kuma wannan aya ta sauka a kansa.

Haka zancen buhu. Mai kyau a baki, mai kyau a gindi, tsakiya kuwa ƙaiƙayi da tsakuwa da wadda danshi ya taɓa. Dillali ya soka ƙarfe ya ciro samfur daga inda aka san zai soka. Mai saye sai ya kai Legas ko Fatakwal ya gane. Za ka ce kowa haka yake yi, kuma mai sayen ma ya sa wannan a lissafinsa. Ai shi ya sa tambayarka ta taso: in kowa yana yi kai ma kana yi, to baftismar me ta canja?

Akwai wanda ya fi wannan muni, tunda ya shafi rai. Wake da masara ana zuba musu fiya-fiya da ire-irensa don kada ƙwari su huda, a fito da su kasuwa tun warin bai gama fita ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa. Su Turawa suna da na'urar gwaji. Mai ƙosai da ke bakin tasha ba ta da ita, yaran da za su ci kafin su tafi makaranta ma haka. Ga kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwari su mutu don rashin numfashi, ba tare da ɗigon magani ba. Ya fi buhun yau da kullum tsada, gaskiya ne. Bambancin kuɗin nan da za ka cire daga ribarka, shi ne ƙaunar maƙwabci a sana'arka. Wanda ba zai dafa wa 'ya'yansa daga buhun da yake sayarwa ba, ya riga ya san amsar tambayarsa.

Ajiyar hatsi fa? Nan sai a yi hankali, kada a ɗora wa mutane nauyin da Allah bai ɗora ba. Saye da kaka a sayar da bazara sana'a ce, kuma ba don masu ajiya ba da gari ya rasa abinci kafin sabon amfani ya fito. Yusufu ma ajiya ya yi a Masar. Abin da Karin Magana 11:26 ta ce jama'a za su la'anta shi ne mai riƙe hatsi yana kallon mutane suna yunwa, yana jira farashi ya ƙara hawa. Ɗan'uwansa kuma shi ne mai ba manomi buhu ɗaya cikin watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare gona ba ta nuna ba, a kan zai karɓi biyu da kaka. An ce taimako ne. Shekara uku a jere a haka, gonar ta koma hannun mai taimakon.

Sai baki. Ciniki ba ƙarya ba ne. Ka sa kuɗi, a taya, ka ce albarka, a ƙara, ka sallama, duk wannan halal ne, kowa ya san wasan. Inda aka fita daga hanya shi ne "na rantse da Allah ko uwar kuɗi bai kai ba", alhali ka san nawa ka sayo. Yesu ya ce i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake, Yakubu 5:12 kuma ta maimaita. Ba dole ne ka faɗa wa kowa nawa ka sayo ba. Kana iya cewa ba zan sayar haka ba, ka yi shiru. Sati biyun farko bakinka zai riƙa suɓucewa, domin rantsuwar ta zama kamar numfashi. In ta fita, ka ce wa mai sayen a take, "Yi haƙuri, ba haka ba ne, ga gaskiyar magana." Kunyar da za ka ji sau biyu ko uku ta fi wa'azi goma saurin gyara harshe.

Ba zan ruɗe ka ba, wannan hanya tana cin riba. Wasu za su ce maka ka yi gaskiya kawai, Allah zai ninka maka jari. Wani lokaci haka ne, masu saye su gane mudunka su riƙa tsallake rumfuna suna zuwa wurinka. Wani lokaci kuma maƙwabcinka mai algus ya sayi mota kai kana kan babur, har ka tsufa. Zabura 73 kukan mutumin da ya ga haka ne, ƙafarsa ta kusa zamewa. Masu wa'azin "shuka iri ka girbe miliyan" sun cika gidajen talabijin, amma abin da Yesu ya faɗa a Luka 9:23 shi ne mai binsa ya ƙi kansa, ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Luka ne ya adana mana wannan "kowace rana". Gicciyen yawancinmu ba bakin bindiga ba ne, naira ɗari biyar ce da za ka iya ci ba wanda ya gani, ka bar ta.

Game da abin da ya riga ya wuce, Zakiyus na Yariko bai tsaya ga hawaye ba, ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Wanda ka san shi, ka san abin da ka ci masa, je ka same shi. Waɗanda ba za ka iya ganowa ba, ka ƙiyasta, ka auna hatsin ka kai wa gwauraye da marayun unguwarku, Kirista da Musulmi, tunda duka ka auna wa. Kada ka kai shi gaban ikkilisiya a matsayin baikon godiya a tafa maka.

Bashi ma haka. Zabura 37:21 ta ce mugu ne yake ci bai biya. Abin takaici ne a ji mutum ya yi alkawarin dubu hamsin a taron gidauniya ana guɗa, alhali ɗan dakon da ya sauke masa mota jiya an ce masa ya dawo gobe. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannunka. Matiyu 5:23-24 ta ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ajiye baikon, je ka shirya da shi tukuna. Biya ɗan dako kafin gumi ya bushe masa. In ka ɗauki adashi, ci gaba da zubi har na ƙarshe ya ɗauka. In ka kasa biyan bashi a ranar da ka ce, kai za ka je da ƙafarka ka faɗa, ba kashe waya ba.

Abu ɗaya kuma, a taƙaice: maganin kasuwa. Layar da aka binne a ƙofar rumfa, da turaren da aka ce a yi kafin a buɗe, ba su da wurin zama tare da Almasihu. Kwalbar mai ko ruwan da aka sayo a wurin wani "annabi" don a yayyafa wa buhu kasuwa ta buɗe, laya ce da aka sauya wa suna.

Mu koma gida. Matarka ta fi fastonka sanin ko kai almajiri ne. Afisawa 5:25 ta sa ma'aunin a sama ƙwarai: ka ƙaunace ta yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa. Maza suna haddace ayar biyayyar mata da ke sama da ita, wannan kuwa sai an tuna musu. Bitrus ya ƙara da abin da ya kamata ya tsorata mu, cewa rashin girmama mace yana toshe addu'ar miji, duba 1 Bitrus 3:7. Mai ɗaga hannu a kan matarsa ranar Asabar ya ɗaga shi a sujada ranar Lahadi, hannun ɗaya ne, kuma Allah ya ga duka biyun. Ta san nawa kake samu? Kuɗin cefane yana fita ba sai da gori ba? In kuka saɓa, wa yake fara cewa yi haƙuri? Yaranka biyu, kafin su iya karanta aya, sun gama karanta ka. In aka yi sallama ka ce "ce masa ba na nan", darasin makarantar Lahadi na wannan mako ya rushe. In akwai yarinyar da aka kawo muku daga ƙauye tana taya aiki, dubi abin da take ci, inda take kwana, da ko tana zuwa makaranta kamar naku. Tsofaffinka kuma, 1 Timoti 5:8 ba ta yi sassauci ba ga wanda ya ƙi kula da danginsa.

Sai maganar da ta fi wuya a ƙasarmu, wato zama da maƙwabci Musulmi. Mutumin da ke rumfar kusa da kai mai yiwuwa ba zai taɓa shiga coci ba, ba zai buɗe Linjila ba. Abin da zai sani game da Yesunka, a wurinka zai gani. Kuma kada ka manta shi ma littafinsa yana da sura sukutum da ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu. In ya ga ka tauye, ya san ka saɓa, kuma duk abin da za ka faɗa masa game da sabon rai ya zama iska. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinka, ka zauna lafiya da kowa. Gaishe shi. In an yi masa rasuwa, je ka zauna a tabarmar ta'aziyya. In an yi haihuwa, kai barka. In ya tafi salla, tsare masa kaya kamar naka. Zancen abincin salla, masu bi sun bambanta: ni ina karɓa da godiya, ina aika nawa da Kirsimeti, wanda lamirinsa bai ba shi ba kuma ba na hukunta shi, muddin ya ƙi cikin ladabi. Duk wannan ba ɓoye bangaskiya ba ne. In ya tambaye ka me ya sa ka daina rantsuwa, faɗa masa dalilin ba kwana-kwana, da tawali'u da bangirma yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Zagin addinin mutum da abin da yake girmamawa bai taɓa jawo kowa ga Almasihu ba, gobara kawai yake tayarwa.

Na san abin da ke ranka, domin duk wanda ya girma a jihar Kaduna ya san shi. Akwai gidajen da har yau ba a daina kuka ba. Umarnin ƙaunar maƙiyi a Matiyu 5:44 ba a ba mu shi a kan za mu ji daɗinsa ba. Dubi Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro da sujada a gindin tsamiya a Garkida a 1923, kuma tun asali koyarwarta ta ƙin ɗaukar makami ce. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban wannan shekara aka mamaye hedkwatarta a Kwarhi. A Janairun 2020 aka kashe fastonta Lawan Andimi na Michika, wanda a bidiyon da aka ɗauke shi yana tsare ya ce bai karaya ba, domin kome yana hannun Allah. Duk da haka ikkilisiyar ba ta sauya koyarwarta ta koma wa'azin ramuwa ba. Dubi kuma Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya faro daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna. A 1995 ya haɗu da Imam Muhammad Ashafa, wanda shi ma ya rasa malaminsa da 'yan'uwa a rikicin, suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru suna aiki tare zuciyarsa ba ta saki ba. Na kawo shi ne don ka san gafara ba ta zuwa dare ɗaya, kuma mutum yakan fara biyayya tun zuciya ba ta bi ba.

Gafara ba ta hana neman haƙƙi. Bulus ya tsaya a kan 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma sa'ad da za a yi masa bulala ba shari'a. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Kai ƙara, faɗi gaskiya a gaban hukuma, kwashe iyalinka daga haɗari. Abin da almajiri ba zai taɓa yi ba shi ne tare hanya a sauke matafiyi a kashe shi don sunansa ko rigarsa, ko ya tsaya yana kallo yana cewa su ma sun yi mana. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar Yelwa na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262 a masallaci da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa ya ƙi miƙa su. Yesu ya taɓa ba da labarin Basamariye, mutumin wani addini da ya yi abin da firist ya kasa, ya rufe da cewa je ka yi haka. Ranar da abin ya juyo, maƙwabcinka ne yake gudu, ƙofarka ce ake tambaya.

Kafin a kai ga wannan rana akwai wayar da ke aljihunka. Bidiyon gawawwaki da ba ka san ko na wace ƙasa ko wace shekara ba ne, an rubuta "tura wa kowane mai bi". Fitowa 23:1 ta hana baza labarin ƙarya, kuma yatsan da ya danna turawa a WhatsApp yana cikin wannan doka. A cikin ikkilisiya ma akwai namu ciwon: zaɓen dattawa da ake yi da lissafin ƙabila, da yadda ake kallon Bahaushe ko Bafulatanin da ya karɓi Almasihu da ido ɗaya, kamar baƙo a gidan Ubansa. Galatiyawa 3:28 ba ta bar mana wannan ba.

Za ka ce wa zai iya duk wannan? Da ƙarfin kanka, babu. Yahaya 15 ta ce reshen da ya rabu da kuringa ba ya 'ya'ya. Shi ya sa karatu da addu'a ba ado ba ne. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekara da shekaru, yau kuwa yana cikin waya har da na saurare. Kada ka ɗaukar wa kanka sura goma a rana ka gaji cikin sati. Fara da Matiyu 5 zuwa 7, ka bi ta a hankali wata guda. Sai wasiƙar Yakubu, sura biyar ce kacal, kuma kusan duk abin da na faɗa maka yana ciki. Karin Magana sura 31 ce, ɗaya kowace rana ta wata. Karanta kaɗan da asuba tare da matarka, ka tambayi kanka abu ɗaya: yau a ina wannan zai same ni? Ka yi addu'a a kan wannan wurin da sunansa, ko dillalin da kuke faɗa ne, ko buhun da danshi ya taɓa. Da dare kafin ka kwanta ka waiwaya. Inda ka faɗi, faɗa wa Ubangiji ba tare da ƙawata magana ba, 1 Yahaya 1:9 tana nan. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, kuma shi aka ce wa ya yi kiwon tumaki.

Kada kuma ka yi tafiyar kai kaɗai. A wannan fanni iyayenmu na Zumuntar Mata sun fi mu maza nisa: sun san wadda ba ta da lafiya, wadda miji ya kora, wadda tukunyarta ba ta hau wuta ba, kuma suna zuwa da ƙafarsu. 'Yan Sabon Rai tun shekarun 1960 da ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida-gida suka yi ƙarfi, manoma da teloli da malaman makaranta, ba fastoci ba. Ikkilisiyoyinmu suna saurin sa yarinyar da ta yi ciki ƙarƙashin horo, su hana mashayi Jibin Ubangiji, amma da wuya ka ji an kira wani gaban dattawa don ya tauye mudu ko ya danne kuɗin marayu. Wannan magana ce tsakanina da 'yan'uwana masu kiwo. Kai dai kada ka jira sai an kira ka. Nemi dattijo ɗaya mai tsoron Allah, kuma ya kasance wanda ya taɓa sana'ar hatsi, don wanda bai san kasuwa ba za ka iya zagaye shi da magana. Ba shi izini ya tambaye ka kome: awo, bashi, matarka, wayarka. Ku riƙa haɗuwa ko sau biyu a wata, ranar da ba ta kasuwa ba, ka zo masa da littafin da kake rubuta bashi a ciki.